Rasuwar Wucin Gadi, Injin Markaɗen Makera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani haushi da ba a saba sakawa cikin irin wannan sanarwa ba amma ya ƙi ɓoyuwa, iyalan Baba Filibus na Makera, tsohon ma'aikacin masaƙa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dukan matan da suka taɓa ɗora bokitin wake a ka suka nufi bakin layin, rasuwar injin markaɗensu wanda aka fi sani da Wucin Gadi. Marigayin ya riga mu gidan gaskiya ranar Talatar makon jiya da hantsi, a cikin lambatun bakin layi, yana kan aiki, da waken Hajiya Zainab mai ƙosai a bakinsa. Ya rasu yana da shekara ashirin da ɗoriya a duniya, ba tare da ya taɓa samun wurin zama nasa na kansa ba.

Iyalan suna neman gafara saboda jinkirin wannan sanarwa. Vicky, 'yar farin gidan, wadda aka ɗora wa rubutawa, ta kasa sa biro a takarda sai da aka san inda aka dosa, domin mutuwar ta zo da rigima. Tun ranar da abin ya faru, Mama Damaris, matar Baba Filibus, ta cusa kayanta cikin jaka ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce in dai aka sake kawo wani inji aka ɗora shi a kan katako yadda aka yi wa marigayin, to ita motar Zonkwa za ta shiga, ta koma gonar cittar yayanta, kuma kada kowa ya wahalar da kansa zuwa biko. Duk wanda ya san Mama Damaris ya san ba ta yin magana biyu. Saboda haka aure na shekara talatin da wani abu ya kwana ya tashi a kan tambaya ɗaya, wato za a zuba siminti ko ba za a zuba ba.

Ga waɗanda ba 'yan unguwa ba, ya kamata a yi bayanin sunan marigayin. A Hausar kowa da kowa, in an ce abu na wucin gadi ne, ana nufin abin da aka yi don a rage hanya kafin na gaskiya ya iso. Rumfar biki ce da za a kwance da yamma, ko katakon da aka gitta a kan rami kafin a gina kwalbati, ko ledar da aka toshe taga da ita kafin a sayo gilashi. Wanda ya faɗi kalmar alkawari yake yi, cewa yake a yi haƙuri, ba haka za a zauna ba. Ba kalmar da za a yi zaman aure da ita ba ce.

Ita dai kalmar ta shigo gidan ne ranar da aka rufe masaƙar da Baba Filibus yake aiki. Wani manaja ya hau kan benci a bakin get ya ce wa ma'aikata, "Wannan rufewa ta wucin gadi ce. Ku koma gida ku kasa kunne, za ku ji jiniya." Mutane da yawa sun ji wannan magana. Wasu sun jira wata shida suka koma acaɓa, wasu suka koma gadi, wasu suka tattara iyali suka yi ƙauye, wasu kuma baƙin ciki ya kai su ƙasa. Baba Filibus ne kaɗai ya ɗauko maganar ya kawo ta gida ya raine ta. Da yunwa ta fara leƙo ƙofa, ya sayo injin markaɗe mai fetur wanda wani ya riga ya yi aiki da shi, ya ajiye a bakin layi, ya ce wa duk wanda ya yi masa barka, "A'a, ba sana'a ba ce, na wucin gadi ne." Ya faɗa wa mai shago, ya faɗa wa fasto, ya faɗa wa mai sayar masa da fetur a galan. Kafin damina ta zagayo, yara a layin in an aike su markaɗe cewa suke za su wurin Wucin Gadi, suna ya bi inji.

Daga nan kalmar ta yaɗu a gidan har ta rasa kunya. Ɗaki da falon da suke haya a Makera na wucin gadi ne, don Baba ya ce ba zai koma Romi inda ƙaninsa ya samo masa fili ba, wai jiniya ba ta kaiwa can. Bokitin da ake tarar yoyon kwano na wucin gadi ne. Labulen da aka raba falo da shi don 'ya mace ta samu wurin kwana na wucin gadi ne, a bayansa Vicky ta girma har ta yi aure. Tana aji huɗu malamin Hausa ya tambayi ma'anar kalmar, ta ɗaga hannu da ƙarfinta ta ce, "Abin da ya fi komai daɗewa a gida." Ta sha bulala a hannu, kuma har yau tana ganin zaluntar ta aka yi.

Marigayi Wucin Gadi inji ne mai haƙuri, marar tsangwama, marar nuna bambanci. Ya markaɗa waken ƙosai da na alale, ya markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu, ya markaɗa gero da dawa na kunu. Da azumi yakan tashi tun safe saboda kunun buɗa-baki, da Kirsimeti kuma yakan wuni yana ruri ba ya ko numfasawa, har layin mata ya kai wurin mai faci. Bai taɓa tambayar bokiti daga wane gida ya fito ba. Ko a lokutan da gari ya rikice, aka riƙa duban juna a karkace, a gabansa Hajiya Zainab da matan Zumunta na coci suke tsayawa suna faɗa a kan wa ya riga zuwa, faɗan da a kwanakin nan ya fi gaisuwa daɗin ji. Da guminsa aka biya wa yara makaranta, da guminsa aka ci aka sha, shi ya markaɗa kayan miyar bikin Vicky da kansa. Duk da haka maigidansa bai taɓa yarda ya ce shi mai markaɗe ne ba. In an tambaye shi aikinsa, sai ya gyara tsayuwa ya ce shi masaƙi ne, yana hutu.

Za a daɗe ana tuna muryarsa. Da safe in an ja igiya yakan ce "kaf, kaf, kaf," ya yi shiru, sai an roƙe shi an goge masa fulogi, sannan ya ce "gurrrr," unguwa duka ta san gari ya waye. In mai ya kusa ƙarewa yakan ce "tuf, tuf," cikin ladabi. In aka zuba masa waken da bai jiƙu ba yakan yi wani ƙara mai tsini da ke sa mai waken jin kunya.

A nan dole sanarwa ta faɗi abin da ba a so a faɗa. Duk mai markaɗe a Kaduna ya san yadda ake zaunar da inji. Ana haƙa ƙasa, a zuba dakalin siminti, a nutsa dogayen ƙusoshi huɗu tun simintin yana ɗanye, in ya bushe a ɗora inji a ɗaure da noti. Inji mai girgiza ne, in ba a ɗaure shi ba tafiya yake yi. Baba Filibus, mutumin da ya yi shekaru a gaban injin saƙa, ya fi kowa sanin haka. Amma ya ƙi. Ya shimfiɗa tsohuwar tayar mota, ya gitta katako biyu, ya ɗora marigayin a kai, ya ɗaɗɗaure da robar tub.

"Baban Vicky, a zuba masa dakali mana," in ji Mama Damaris tun shekarar farko.

"Maman Vicky, wanda ya zuba siminti ya zauna ke nan. Ranar da jiniya ta yi kuka, ɗaukar sa zan yi in tura ɗaki in kama hanya. In tsaya kwance noti, ana jira na a shif a masaƙa?"

Ba wai rowa ce ta hana shi ba, Allah ya sani. Tsoro ne. A zuciyarsa, ranar da ya kwaɓa siminti a bakin layin nan, ranar ya binne masaƙa da hannunsa, ya binne mutumin da yake fita da kaki da kular abinci ana gaishe shi da Oga Filibus. Shi ya sa kakin nan yake naɗe a ƙasan akwati, Mama Damaris tana fito da shi kowace sabuwar shekara ta wanke ta goge ta mayar, don kada kira ya zo a rasa abin sawa.

To, tun da ba a ɗaure marigayin ba, sai ya riƙa tafiyarsa. Da zarar an tayar da shi yakan fara matsawa a hankali, kullum kuma wajen lambatu ya nufa, don ƙasar wurin gangare ce. Maganin da gidan ya samo, na wucin gadi mana, shi ne Mama Damaris ta tsaya a gefen lambatu ta tokare ƙarfen injin da gwiwarta ta dama, Baba yana zuba wake yana tura shi da muciya. Haka ta tsaya shekara ashirin. Duk girgizar da ya kamata dakali ya shanye, gwiwar nan ce ta shanye ta. Sau uku tana tara 'yan canjinta ta sayo buhun siminti ta ajiye a gabansa, sau uku yana cewa a bari a ga ƙarshen wata. Damina ta bi ta kan buhunan ɗaya bayan ɗaya suka daskare, masu jiran layi suka mayar da su kujeru. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Mama Damaris ba ta dafa ba tukuna, amma ta tara guda uku.

Game da rashin lafiyar ajali, iyalan suna so a sani cewa marigayin lafiyarsa ƙalau ya tashi ranar. Mama Damaris ce ba ta da lafiya. Gwiwar ta kumbura har ta kasa takawa, Vicky ta zo daga Romi ta sa ta a keke mai ƙafa uku ta kai ta asibiti. An yi ruwa da asuba, lambatu ya cika ya batse. Baba Filibus ya ce zai iya shi kaɗai, ya tokare injin da ƙafa ɗaya yana zuba waken Hajiya Zainab, ita kuma tana tsugune riƙe da bokiti a ƙasan bakin injin. Suna cikin haka mai faci ya ɗaga murya daga bakin titi.

"Baba Filibus! An buɗe get ɗinku! Manyan motoci sun shiga!"

Hajiya Zainab ta ba da shaida cewa bai ko waiwayo ba. Muciya ta faɗi, ya zura silifa, dattijo mai shekara sittin da wani abu ya zuba da gudu. Ta yi ta kira, "Baba Filibus, ka kashe shi mana! Baba, tafiya yake!" Ina. Mutum ya yi shekara ashirin yana kasa kunne, yau ya ji abin da yake jira, muryar mai ƙosai ba za ta shiga ba.

Da gaske an buɗe get. Ciyawa ta kai ƙugu a filin da suke yin layin karɓar kati, jemagu sun cika rufin, ga babbar mota tana fitowa a hankali da ƙarafa jibge a baya. A saman kayan akwai Musa ɗan gwangwan, wanda ke sayen tsofaffin ƙarafa a Unguwar Mu'azu, yakan kuma zo layin sayen mataccen bel da tukwanen da suka huje. Baba Filibus ya tsaya yana haki, ya ɗaga hannu.

"Musa! Gyara za ku kai su?"

"Wane gyara, Baba? Sikeli za su hau. An sayar mana, duka-duka, har da wayoyin bango."

"Har injinan saƙa?"

"Su ne ma masu nauyin. Wallahi ƙarfen da ne, Baba, ba irin na yanzu ba."

A lokacin ne idonsa ya faɗa kan wani ƙarfe da aka yanka da wuta aka jefa a gefen motar. A jikinsa akwai 'yar ƙugiya ta waya, wadda shi da kansa ya lanƙwasa ya maƙala a injinsa tun yana sabon ango, don ya riƙa rataya kular abincin da Damaris ke dafa masa. Ya sauke hannunsa. Motar ta wuce, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

A daidai wannan lokaci, a bakin layi, marigayin ya kammala tafiyar da ya fara shekara ashirin da suka wuce. Hajiya Zainab ta saki bokiti ta riƙo shi, ya ƙona mata hannu, ta saki. Ya sauka daga katako, ya ɗan tsaya a bakin lambatu, ya ce "gur, gur, gur," sannan ya kifa. Ƙarfe mai zafi ya haɗu da ruwan sanyi, aka ji "ƙwas," hayaƙi fari ya tashi, shi ke nan. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Da aka tsamo shi, gangar jikin injin ta tsage daga sama har ƙasa, makaniki ya duba ya cire hularsa.

Marigayin ya bar maigidansa, Baba Filibus, wanda bai ci abincin kirki ba tun ranar. Ya bar Mama Damaris da gwiwa ɗaya mai aiki, ɗayar kuma likita ya ce gurunguntsinta ya cinye, har ya tambaya ko fasa dutse take yi. Ya bar Vicky da ƙannenta biyu da jika ɗaya. Ya bar tayar mota, da katako biyu, da igiyar tayarwa da aka ƙulla a wuri bakwai, da muciya, da marayun buhunan siminti uku. Ya kuma bar Hajiya Zainab da ƙuna a tafin hannu da waken da ya tafi lambatu. Ita ce ta fara zuwa gaisuwa, ta ce, "Allah ya mayar da mafi alheri, Baba Filibus. Amma tsakani da Allah, ku kuka kashe shi."

Abin takaicin shi ne, duk da abin da ya gani da idonsa, Baba Filibus bai sauka nan take ba. Gawar tana kwance a baranda ya fara neman mai walda, wai a ɗan liƙe tsagar, na wucin gadi. Matan Zumunta suka yi karo-karo, Vicky da mijinta suka cika, aka samu sabon inji a shago, sai ga shi yana goge tsohuwar tayar yana gwada katako. Ya ce ai mai yiwuwa tsofaffin injinan aka kwashe don a kawo sababbi. Vicky ta fita waje ta yi kuka don haushi, ba don marigayi ba.

Mama Damaris ba ta ɗaga murya ba. Ranar Lahadi bayan an taso sujada, ta ja ƙafa zuwa ɗaki, ta buɗe akwati, ta ciro kakin nan a goge, ta shimfiɗa masa a kan gado.

"Ga kakinka, Baban Vicky. Daga bana kai za ka riƙa goge shi. Dutsen guga yana ƙarƙashin gado."

Ta juya za ta ɗauki jakarta ta matsar da ita kusa da ƙofa, gwiwar ta ƙi, ta dafa bango ta tsaya tana cije leɓe. Yana zaune yana kallon ta. Shekara ashirin tana tsaye a gefensa na dama, shi kuwa kunnensa yana masaƙar Kakuri, idonsa yana kan wake. Vicky ta ce ranar ce ta fara ganin mahaifinta ya dubi ƙafar nan da kyau, ya ga yadda ta kumbura ta karkace. Ya buɗe baki zai yi magana, kowa ya san kalmar da ke tahowa, sai ya rufe.

Washegari da safe aka neme shi aka rasa. Can hantsi ya bayyana a bakin layi yana turo baro, da buhun siminti sabo a ciki da dogayen ƙusoshi huɗu a kai. Sanye yake da kakin. Maɓallan sun ƙi haɗuwa a ciki, hannun rigar ya ɗage, ƙurar siminti ta riga ta ɓata gugar Mama Damaris. Mai faci ya fara dariya, ya dubi fuskar dattijon, ya haɗiye ta. Mai shago ya leƙo ya ce, "Oga Filibus, an koma aiki ne?"

"An koma," in ji shi. "Markaɗe nake yi."

Jana'iza za ta kasance kamar haka, in Allah ya kai mu. Ranar Asabar da safe za a fito da gawar daga baranda, matan Zumunta za su yi waƙa ɗaya, gajeriya, don an roƙe su. Musa ɗan gwangwan zai zo da kurarsa ya ɗauki marigayin zuwa makwancinsa a Unguwar Mu'azu. Bisa roƙon Baba Filibus, za a kwantar da shi a tari ɗaya da ƙarfen nan mai ƙugiya, don su biyun ne suka ci da gidan, ya kamata su san juna. Za a binne tayar da katakon a bola ba tare da wani jawabi ba.

Daga nan za a haƙa ƙasa a daidai inda marigayin ya yi rayuwarsa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su zo hannu rabbana, kowa ya taho da bokitin ruwa don kwaɓi, maza kuma da shebur. Baba Filibus ne zai nutsa ƙusoshin huɗu da hannunsa. Buhunan nan uku suna nan ga masu son zama, amma kujera mai majingina da za a gani a inuwa ta Mama Damaris ce, kada kowa ya hau. Ana kuma roƙon jama'ar layi, don girman Allah, in sabon injin ya iso kada wanda ya raɗa masa suna.

Masu tambayar jaka kuwa, tana nan a ɗaure a bakin ƙofa. Mama Damaris ta ce za ta kwance ta ranar da simintin ya bushe.